Bayani a Kan Nawar Tashin Baƙuwar Kwamfuta da Hanyar Gano Illarta

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu gyaran kwamfuta a Paraku, ko a kewayen kasuwar Arzeke ko a unguwar Zongo, ko kuwa a irin waɗannan shaguna da ke bakin babban titi a Jugu, ba zai rasa jin wani kuka da ya yawaita a 'yan shekarun nan ba, wato kukan ɗalibi ko akawun kanti wanda ya rungumo kwamfutarsa ya zo yana cewa, "Malam, ita kanta na'urar lafiyarta lau, amma wadda na girka a cikinta, in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba." Amsar da aka saba ba shi kuwa ba ta wuce ɗaya daga cikin biyu, ko dai a ce ya ƙara mata rabo daga ƙarfin ta wajen, ko kuma a ce a goge ta baki ɗaya a sake zubawa; sau da yawa ma ana aikata duka biyun, a ɓata yini, a ƙone kuɗin intanet wajen sake sauko da manhajoji, sa'an nan a kunna a tarar nawar tana nan yadda take, domin an yanke hukunci tun ba a saurari shaida ba. Abin da nake nufin bayyanawa a wannan takarda shi ne, nawar tashi illa ce mai mazauni, tana da wurin da take aukuwa da lokacin da take aukuwa, kuma wanda ya haƙura ya auna da agogo, ya duba littafin da na'urar ke rubutawa da kanta, zai gane mazaunin nan kafin ya taɓa kome, galibi ba tare da ya kashe ko dala ɗaya ba.

Wajibi ne a fara fayyace abin da ake magana a kansa, saboda mai karatun da bai saba ba. Akwai manhajoji, irin su VirtualBox da VMware da Hyper-V da KVM, waɗanda aikinsu shi ne su yanki wani kaso na ƙarfin kwamfuta ta haƙiƙa su ƙera da shi wata kwamfuta ta biyu wadda ba ta da jiki, amma tana da nata allo da nata faifan ajiya da tata babbar manhaja, har mutum ya iya tafiyar da Linux a cikin taga alhali kwamfutarsa Windows take ɗauke da ita, ko ya raya tsohuwar Windows XP domin wata manhajar lissafi da ba ta yarda da sababbin na'urori. Hikimar daɗaɗɗiya ce, gama kamfanin IBM ya yi ta a kan manyan injunansa tun cikin shekarun 1960, sai dai ba ta sauko hannun talakawa ba sai da VMware ya fito da tasa a 1999, VirtualBox kuma ta biyo baya a 2007, shekarar da aka shigar da KVM cikin zuciyar Linux. Ta haƙiƙar ita za mu riƙa kira mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa. Mutanen Jugu sun fi kowa sanin wannan alaƙa, domin garinsu zango ne a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma kakanninsu na unguwar Wangara sun san cewa falke, kome yawan dukiyarsa, ba ya cin abin da ya fi tukunyar mai masaukinsa, kuma in gidan ya cika da ayari, kowa sai ya jira yayinsa a bakin rijiya. Baƙuwar kwamfuta ba ta da furosesa na kanta, ba ta da RAM na kanta, faifanta ma wani babban fayil ne kawai da ke kwance a kan faifan mai masauki, don haka ne bincike yake farawa daga waje kafin a leƙa ciki. Wannan ya fi ƙarfi a wajenmu, inda akasarin kwamfutocin da ke hannun ɗaliban Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, da na makarantun koyon sana'a, na hannu ne da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun gama aikinsu na fari a ofisoshin Turai, da yawansu da RAM giga 4 ko 8, wasunsu kuma har yanzu da faifai mai juyawa.

Aiki na farko shi ne awo. Ka ɗauki agogon wayarka da takarda, ka kashe baƙuwar kashewa ta sosai, sa'an nan ka kunna ta, ka rubuta lokaci a wurare uku: daga sa'ad da ka danna zuwa sa'ad da tambarin Windows ko na Linux ya bayyana, daga tambarin zuwa allon da ake shigar da kalmar sirri, daga nan kuma zuwa sa'ad da za ka iya buɗe wani abu ya amsa maka nan take. Jinkiri a kashin farko alama ce ta cewa matsalar tana cikin saitin manhajar da ke riƙe da baƙuwar, na biyu yakan nuna faifai ko wani abu da babbar manhaja ke jira, na uku kuwa galibi cunkoson manhajojin da ke tashi tare da ita ne. Ka maimaita awon sau biyu a jere, domin in tashi na biyu ya fi na farko sauri nesa ba kusa ba, to mai masauki ya riƙe abin da ya karanta a cikin RAM ke nan, kuma hakan hujja ce mai ƙarfi a kan faifai. A lokacin da baƙuwar ke tashi, ka buɗe tagar da ke nuna aikin mai masauki, wadda a kwamfutocinmu masu Faransanci ake kira Gestionnaire des tâches, ka shiga shafin Performances, ka zuba ido. A nan ne mas'alar take rabuwa gida biyu, kuma rabuwar nan ita ce ginshiƙin sana'ar duka. In ka ga faifai ya tsaya a kan 100 bisa 100, ko RAM ya cika maƙil, ko furosesa ya ƙure, to baƙuwar wahala take sha, tana aiki ne da ƙarfin da bai ishe ta ba. In kuwa ka ga kome kwance, babu abin da ke motsi, alhali allon baƙuwar ya daskare, to jira take yi, tana sauraron wani abu da ba zai zo ba har wa'adin da aka yanka mata ya cika. Mai jira, ko ka ninka mata RAM sau huɗu ba za ta rage sakan ɗaya ba. Ana kuma gane jira da wata alama, wato jinkirin yakan zo daidai wa daida kullum, sakan 30 ko 90 ko 120, domin waɗannan wa'adodi ne da mutane suka rubuta.

Mu fara da babin wahala, da abin da ya fi saurin dubawa. Tun 2005 kamfanin Intel ya sa wa furosesoshinsa wata baiwa mai suna VT-x, AMD kuma ya sa tasa mai suna AMD-V a 2006, wadda ke bai wa baƙuwa damar aiki kai tsaye a kan furosesa ba tare da tafinta ba. Kwamfutocin ofis da yawa suna isowa da wannan baiwa a rufe. A shafin Performances ɗin nan, ƙarƙashin furosesa, akwai layin da ke cewa Virtualisation, yana nuna ko a buɗe take ko a rufe; in a rufe take, sai a sake kunna kwamfutar a shiga BIOS, da maɓallin F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a nemo ta a buɗe, a wasu na'urorin AMD kuma da sunan SVM za a same ta. VirtualBox, tun daga fitowa ta 6.1 a ƙarshen 2019, ba ta yarda ta tashi baƙuwa sam in babu wannan baiwa, amma QEMU, wadda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya ƙirƙira, in ba a haɗa ta da KVM ba takan koma fassara umarni ɗaya bayan ɗaya, tashin da bai kamata ya kai minti ɗaya ba ya ci minti goma.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓuya, kuma na ga ta wahalar da mutane masu ilimi ƙwarai. Yakan zama baiwar a buɗe take, amma Windows ta riga ta kame ta domin Hyper-V nata, sai VirtualBox ta zama ala tilas ta bi ta ƙarƙashinta. Shaidar wannan tana can ƙasan tagar baƙuwar, a hannun dama: in lafiya lau ne za ka ga ɗan tambari mai harafin V, in kuwa an kame baiwar za ka ga hoton kunkuru kore. Haka kuma in ka buɗe littafin da VirtualBox ke rubutawa, fayil mai suna VBox.log da ke cikin jakar Logs ta kowace baƙuwa, za ka tarar da layin da ke cewa ba a sami VT-x ba, an koma ga NEM. Abubuwan da ke jawo wannan su ne Hyper-V kanta, da WSL2, da Docker Desktop, da wani tsaro da ke cikin Sécurité Windows mai suna Intégrité de la mémoire, wanda Windows 11 ke kunnawa da kanta a kan na'urori da yawa. Ana kashe Hyper-V da WSL2 daga jerin siffofin Windows, tsaron nan kuma daga cikin Sécurité Windows, sa'an nan a buɗe tagar umarni da ikon shugaba a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, a sake kunna kwamfutar. Sai dai gaskiya ta wajaba a faɗe ta: tsaron nan ba don ado aka sa shi ba, kuma wanda ya kashe shi ya rage wa kwamfutarsa garkuwa, WSL2 da Docker kuma za su daina aiki. A ganina, wanda ba zai iya rabuwa da su ba, kuma Windows ɗinsa Pro ce, ya fi masa alheri ya mayar da baƙinsa cikin Hyper-V ɗin kanta, a huta da jayayya.

Sai maganar rabo, inda kyakkyawar niyya ke jawo ɓarna. Mutum yana da RAM giga 8, ya ga baƙuwa tana nawa, sai ya ba ta 6, yana zaton ya kyauta mata, alhali Windows ta mai masauki tare da manhajar shiga intanet sun riga sun cinye kusan rabin abin da ke akwai. Da RAM ya ƙare, sai mai masauki ya shiga kwashe abin da ke cikinsa yana jibgewa a kan faifai yana sake ɗaukowa, a kan faifan nan dai da baƙuwar ke ƙoƙarin karantawa, sai duka biyun su durƙushe. Ƙa'idar da na yarda da ita ita ce kada rabon baƙi duka ya wuce rabin RAM na na'urar, kuma a rufe shafukan intanet kafin a kunna. Windows 11 ba ta zama a ƙasa da giga 4, don haka wanda kwamfutarsa giga 4 ce gaba ɗaya, neman ya sauke ta a ciki ɗora wa rai abin da ba ta iyawa ne. Amma Debian marar tagogi tana rayuwa da giga 1 cikin wadata, kuma ita ce ma ta fi dacewa da mai koyon aikin saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da hanyoyin sadarwa. Hukuncin furosesa ma haka yake. Yawancin Core i5 na kwamfutocin tafi-da-gidanka, kafin tsara ta takwas da ta fito a 2017, zuciya biyu gare su ko da Windows ta nuna huɗu, kuma wanda ya bai wa baƙuwa duka huɗun bai bar wa mai masauki abin da zai yi mata hidimar faifai da shi ba. Biyu sun isa.

Amma uwar illoli a ƙasarmu, wadda in aka tara ƙararraki goma za a tarar ita ce mai laifi a mafi yawansu, ita ce faifai mai juyawa. Tashin babbar manhaja karatun dubban ƙananan fayiloli ne da ke warwatse, kuma faifan kwamfutar tafi-da-gidanka, mai juyi 5400 a minti, dole allurarsa ta yi tattaki zuwa kowane ɗaya, har abin da yake iya kaiwa bai wuce karatu wajen ɗari a sakan ba, alhali SSD, da yake ba shi da abin da ke motsi a ciki, yana yin dubbai goma-goma. To ga mai masauki yana neman nasa, ga baƙuwa tana neman nata, ga mai farautar ƙwayoyin cuta yana bin sawun kowa, duka a kan allura ɗaya. Dabara ta farko, wadda ba ta cin kuɗi, ita ce in ka kunna kwamfuta ka ba ta 'yan mintoci har faifan ya lafa kafin ka tashi baƙuwa. Ta biyu, ka cire jakar da baƙin ke zaune, wadda VirtualBox ke kira VirtualBox VMs, daga cikin abin da Defender, mai farautar ƙwayoyin cuta na Windows, ke bincikawa, da sharaɗin ba ka ajiye wani abu dabam a cikinta. Ta uku, kada ka tafiyar da baƙuwa daga filashi ko daga faifan waje da aka soka a ramin USB 2, wanda a aikace ba ya wuce mega 35 a sakan. Ɗalibai suna yawan yin haka domin su riƙa yawo da aikinsu tsakanin gida da makaranta, kuma ya fi musu su kwafe ta a kan na'urar, in sun gama su mayar. Magani na haƙiƙa dai shi ne SSD, ko da mai giga 240 ne, kuma in mutum yana da kuɗin abu ɗaya tak, tsakanin ƙarin RAM da SSD, in dai awonsa ya nuna faifai ne a ƙure, to SSD zai saya. Ya gwada shi da manhajar H2testw tun bai bar hannun mai sayarwa da nisa ba, domin akwai na jabu da ke da'awar girman da ba su da shi.

Kafin a sayi kome, a tambayi faifan lafiyarsa. Kowane faifai yana riƙe da lissafin raunukansa, wanda ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo tana karanta shi kyauta. In ta nuna launin rawaya, musamman a layin 05 ko C5, to faifan ya fara ruɓewa, yana maimaita karatun wuri ɗaya sau da yawa kafin ya samu, kuma a wannan hali zancen sauri ya ƙare, abin da ya rage shi ne a kwashe dukiyar mutane tun bai mutu da ita ba. A duba kuma kada faifan mai masauki ya cika, gama fayil ɗin baƙuwa yana girma a hankali, in ya rasa wurin miƙe ƙafa sai baƙuwar ta tsaya cik.

Wani abin da ke nauyaya faifai shi ne hotunan hali da ake ɗauka, waɗanda a VirtualBox ta Faransanci ake kira instantanés. Ni'ima ce babba ga mai koyo, domin yana iya ɓata na'ura ya dawo da ita yadda take cikin ƙiftawar ido. Amma kowane hoto sabon fayil ne da ake ɗorawa a kan na baya, kuma in sun kai goma ko fiye, neman abu ɗaya yakan sa a bi silsilar daga sama har ƙasa. A share waɗanda aka gama da su, daga cikin tagar VirtualBox, kuma ina gargaɗi da babbar murya kada a kuskura a shiga jakar Snapshots a share fayil da hannu, domin yanke silsilar halaka baƙuwar ne baki ɗaya. Haɗewar tana cin lokaci da wuri, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyarta musiba ce, don haka a yi ta da cikakken batir, bayan an ajiye kwafi. Game da irin mahaɗin faifan da aka ƙera wa baƙuwa, SATA ya fi IDE, a KVM kuma virtio ya fi su duka in an zuba direbobinsa. Sai dai Windows XP ba ta zo da direban SATA ba, wanda ya sauya mata shi kai tsaye shuɗin allo zai gani.

Yanzu sai babin jira, wanda ya fi daɗin warwarewa domin maganinsa kyauta ne. In jinkirin a kashin farko yake, a duba jerin wuraren da baƙuwar ke neman tashi daga gare su, a sa faifai a gaba, a cire alamar da ke kan hanyar sadarwa, domin in tana nan na'urar takan tsaya kiran wata saba da babu ita, a kuma cire fayil ɗin ISO da aka girka da shi in an gama. In baƙuwar Linux ce, a danna Échap sa'ad da tambari ya fito, rubutun da ke ɓoye a baya zai bayyana, kuma sau da yawa a nan za ka ga layi mai jajayen taurari yana ƙirga har minti 1 da sakan 30. Wannan kusan kullum faifai ne da aka ambata a cikin /etc/fstab wanda ba ya nan, ko sashen musanya da lambarsa ta sauya bayan an kwafi na'urar ko an faɗaɗa ta. A rubuta blkid, a gwama lambobin da na cikin fayil ɗin, a gyara wanda ya saɓa, wanda kuma ba dole ba ne a ƙara masa kalmar nofail. Bayan ta tashi, umarnin systemd-analyze zai ba ka jimillar lokaci, systemd-analyze blame ya jera hidimomi daga mafi daɗewa, amma kada ka yi saurin kama na saman jerin, domin hidimomi da yawa tare suke tafiya, kuma mai daɗewa ba lalle ne shi ya tare hanya ba. Systemd-analyze critical-chain shi ke nuna wanda ake jira da gaske.

Wanda aka fi kamawa a nan shi ne systemd-networkd-wait-online, mai tsayar da Ubuntu Server har minti 2 yana jiran rezo, wato hanyar sadarwa, kuma dalilinsa yana da alaƙa da yadda muke rayuwa. Ɗalibi ya saita baƙuwarsa a makaranta ta hanyar gada, wato ta karɓi adireshinta kai tsaye daga Wi-Fi na wurin, sa'an nan ya hau mota ya tafi hutu Jugu, inda intanet ɗinsa daga wayarsa yake, wani lokaci ma babu. Baƙuwar kuwa tana nan tana jiran adireshin da babu mai ba ta. A mayar da katin rezonta kan NAT, inda VirtualBox da kanta ke ba ta adireshi ko da intanet ko babu, ko a rubuta optional: true a ƙarƙashin katin a cikin fayil ɗin netplan. Na'urorin da aka sauko da su a shirye daga intanet sukan zo da cloud-init, wanda ke neman umarni daga manyan rumbunan kamfanoni, kuma ana sallamarsa da ƙirƙirar fayil marar kome mai suna /etc/cloud/cloud-init.disabled. Tsayuwar sakan 30 a allon GRUB kuwa Ubuntu ce ke yin ta da gangan bayan kashewar da ba ta cika ba.

A baƙuwar Windows, littafin yana cikin Observateur d'événements, a sashen Diagnostics-Performance, inda lamba 100 ke faɗin tsawon tashin, 101 ta ambaci manhajar da ta jawo jinkiri, 102 direba, 103 hidima. A rage abin da ke shafin Démarrage na Gestionnaire des tâches, a cire mai farautar ƙwayoyin cuta na biyu in akwai, a yanke jakunkunan rezo da ke nuni zuwa ofishin da aka baro, a zuba Guest Additions ko VMware Tools, a kuma bar sabuntawar da ta tsaya rabi saboda ƙarewar kuɗin intanet ta kammala. Ba zan ɓoye ra'ayina ba game da Windows da manhajojin da aka fasa ake yawo da su a filashi: da yawansu suna ɗauke da baƙin da ba a gayyata ba, masu cin furosesa dare da rana, kuma babu saitin da zai gyara wannan.

Sa'an nan ga abin da littattafan Turai ba su cika kulawa da shi ba, wato iskarmu da wutarmu. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana toshe fankar kwamfuta, sai bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu da zafin da ke haura digiri 35 a inuwa, furosesa kuwa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Saboda haka in na'ura tana tashi lafiya da asuba amma ta yi nawa bayan azahar, a duba zafinta da HWMonitor, a buɗe ta a share fankar, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, a daina ɗora ta a kan katifa. Caja ma tana da hannu, domin kwamfutocin Dell, in ba su gane cajar da aka soka musu ba, sukan karya gudun furosesa ƙwarai, kuma kowace kwamfuta tana tsimin ƙarfi in tana kan batir. Ɗaukewar wuta kuwa, ga na'urar da batirinta ya mutu, kashewar ba-zata ce ga mai masauki da baƙuwa a lokaci ɗaya, kuma tashin da ke biye dole ya daɗe domin ana binciken faifai, binciken da bai halatta a katse shi ba. Irin wannan ɓarnar mutum yakan yi da hannunsa in ya rufe tagar ya zaɓi kashe na'ura nan take, wanda daidai yake da fizge waya daga bango. Zaɓin da ya dace shi ne aika mata saƙon kashewa, ko adana halinta, wanda ke mayar da ita inda ta tsaya ba tare da sabon tashi ba, ko da yake ba a iya sauya saitinta tana cikin wannan hali.

Duk gyaran da za ka yi, ka fara fitar da kwafin baƙuwar a matsayin fayil ɗin OVA ka ajiye a wani faifai dabam, musamman in ta wani ce, domin lissafin kantin mutum amana ce a hannunka. Sa'an nan ka sauya abu ɗaya tak, ka sake awo, ka rubuta, wanda bai amfana ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka wuce gaba. In ka bi duk wannan shakka ba ta gushe ba, akwai jarrabawa guda da ke raba gardama. Ka ƙirƙiri sabuwar baƙuwa ƙarama, Debian marar tagogi, a kan faifan nan dai, ka auna tashinta. In ita ma ta yi nawa, laifin na mai masauki ne, kuma goge tsohuwar ba zai haifar da kome ba sai hasara. In kuwa ta tashi cikin 'yan sakanni, to illar tana cikin tsohuwar, sai ka kai kwafin nan na OVA wurin wani ɗan'uwa mai SSD ka tashe ta a can domin ka tabbatar. A wannan gaɓar ce kaɗai sake zubawa ke zama halal, bayan an kwashe fayiloli an kuma tabbata akwai lambar lasisin manhajar da ake aiki da ita. Ga akawun da ke riƙe da XP ko Windows 7 saboda tsohuwar manhajar lissafi, ya cire mata katin rezo gaba ɗaya, tun da Microsoft ta daina ba XP kariya a 2014, Windows 7 kuma a 2020, ya riƙa fitar da takardunsa ta jakar tarayya da ke tsakaninta da mai masauki, ya kuma sabunta kwafin OVA a ƙarshen kowane wata bayan ya rufe lissafi.